Gammo a Kafaɗar Magdalene

Asabar, 4 ga Oktoba, bayan magariba

Aiki biyu yau, duk a fili ɗaya. Da safe wasan kusa da na ƙarshe na gasar ƙauyuka, a tsohon ƙauyen Gbagyi da ke bayan Durumi. Da rana kuma Honarabul ya zo kamfen ɗin kujerar ciyaman, aka kafa masa rumfa a tsakiyar filin tun sawun 'yan wasa bai bushe a laka ba.

Philip, golan ƙauyen, ya tare fenariti da fuskarsa. Na samu hoton. Ya tashi yana tofar da ƙasa, ya hango ni ya ce, "Malam Nazir, ka ɗauka ko in sake?" Kanikanci yake yi, ya haura talatin, amma ranar Asabar ko minista bai kai shi ba.

Ƙauyen duk jan fenti ne yanzu. Babu bangon da ba a yi wa alamar rusau ba, har na coci. An ce wani kamfani zai gina rukunin gidaje, an kuma ce Honarabul yana da hannu a kamfanin. Ya daɗe yana jawabi yana fuskantar fentin nan, bai ambace shi ba ko sau ɗaya. Wannan ma baiwa ce. Mutanen garin ba su fito ba, sai 'yan haya da aka kwaso a motoci. Matan sun yi rantsuwa a coci cewa babu wadda za ta fitar da ko cokali daga ɗakinta, in za a rusa a rusa da su a ciki. Wadda ta sa su rantsuwar ita ce Magdalene, uwar Philip, shugabar Zumuntar Mata.

Ina haɗa kayana na hango wata mata ta ratsa ta bayan firamare, nesa da taro, da daro a kafaɗa kamar yadda matan Gbagyi ke ɗaukar kaya. Gammonta atamfar kamfen ce da ake rabawa, ta naɗe ta, sai fuskar Honarabul ta faɗo daidai kumatunta. Haske ya yi kyau. Na danna. Sai da na sauke kyamara na gane Magdalene ce.

A gida na gyara shi kamar yadda ake gyara kowane hoto. Na yanke gefe, na cire daron da ya cika wuri, na bar fuska biyu. Na tura ofis tare da sauran.

Litinin, 6 ga Oktoba, da hantsi

Shafin farko. Rabona da shafin farko tun ambaliyar bara.

Edita, Oga Hadi, shi ya rubuta bayanin ƙasan hoton da kansa: "Uwar ƙasa ta rungumi Honarabul." Na shiga na ce masa, oga, ba runguma ba ce, gammo ne. Ya ce, "Gammo a kafaɗa? Haba Malam, a kai ake sa gammo." Mutumin nan ya baro Kano ya zauna Abuja tun ba a gina rabinta ba, kullum motarsa na wuce matan nan a bakin titi da itace a kafaɗa, bai taɓa lura cewa ba sa ɗora kaya a ka ba. Na yi masa ɗan bayani, cewa a wurinsu kai abin girmamawa ne, ba a sa shi dako. Ya ce abin sha'awa, in rubuta masa shafi guda a kan al'adar wata rana. Ya dafa kafaɗata ya ce hoton ya yi magana.

Ya yi magana kam.

Talata, da rana

Ba a sa sunana a ƙarƙashin hoton ba. Yau ne karo na farko da mantuwar nan tasu ta yi mini daɗi.

Laraba, 8 ga Oktoba, bayan la'asar

A hanyata ta komawa gida na gan ta a Dutse Alhaji, a jikin shagon mai cajin waya. Fosta. Na sake ganinta a jikin turken wuta, da bayan wata A Daidaita. Sun ƙara mata haske, sun goge mata gumi. Yadda hoton ya tashi daga kwamfutar ofis ya je hannun 'yan kamfen, ban tambaya ba, kuma babu wanda ya yi mini tayin bayani.

Ni dai gefe na yanke.

Alhamis, da yamma

Dambe a Dei-Dei. Wani Bazamfare ya kayar da wani ƙato da bugu ɗaya, makaɗa suka haukace, ni kuma ina can ina laluben waya a aljihu, na rasa bugun. Philip ne ke kira. Na bar ta ta gama kukanta.

Da na dawo ta sake yin ƙara a kan tabarma. Matata Rakiya ta dube ta, ta dube ni, ta ce, "Baban Rukayya, wayar ce ta yi maka laifi?" Na ce aiki ne. Ta ce, "Tunda na aure ka ban taɓa ganin ka guji aiki ba, sai dai cefane." Ta kwashe kwanuka ta fita.

Na ɗauko littafin nan mai kauri a kan yadda ƙasashe ke gina sabbin manyan birane. Na lura duk inda aka zo kan mutanen da aka tarar a wurin, jimla ɗaya ake ba su, wani lokaci rabi. Marubutan ma gefe suke yankewa. Ban ji sauƙi ba.

Asabar, 11 ga Oktoba, bayan magariba

Wasan ƙarshe. Dole na je, babu wani da za a tura.

Philip ba ya raga. Wani dogo aka sa wanda yake tare ƙwallo kamar yana korar kaji, aka zura masa uku. Philip na zaune shi kaɗai a kan tushen mangwaro, safar hannunsa a cinya. Da aka tashi ya taso ya same ni. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga.

Ya ce, "Oga Nazir, Mama ta yi maka wani abu ne?"

Na ce ba ni na rubuta bayanin ba.

Ya ce, "Ni bayani ban iya karantawa sosai ba. Hoto na gani. Kowa hoto ya gani."

Ga abin da ya gaya mini. Tun Talata babu wanda ya sayi doya ko ɗaya a wurinta. Ranar addu'ar mata ta shiga coci, bencin da ta zauna ya watse, ta yi waƙa ita kaɗai har ta yi shiru. Ana cewa an ba ta fili a wani wuri, ana cewa an ba Philip gareji. Shi kuma 'yan ƙungiyarsa sun ce ba za su bar ɗan wadda ta sayar da gari ya tsare musu raga ba. Sarkin ƙauyen ya sa taro ranar Lahadi ta sama, bayan an tashi daga coci, a yanke ko za ta ci gaba da shugabancin mata. Wasu na cewa a yanke har da zamanta a garin.

"A garin nan aka haife ta," in ji shi. "A nan ta binne Baba."

Na ce zan duba abin da za a iya yi. Na tsani wannan magana, a bakin 'yan siyasa na koye ta.

Lahadi, 12 ga Oktoba, da safe

Na buɗe hoton na asali. Yana nan, ban goge ba. Ga ta tsaye cikakkiya, daro a kafaɗa, hannu ɗaya ya tallafe shi, atamfar a murɗe a ƙarƙashinsa. Ko makaho ya shafa zai ce gammo ne. Fuskar Honarabul ma a nan ba ta da wani kwarjini, an matse ta tsakanin ƙarfe da ƙashi. Cikin daron akwai labule, da tukunya, da agogon bango.

Na ci tuwo da yawa yau. Rakiya ta ce da alama an sulhunta da wayar.

Litinin, da rana

Na kai wa Oga Hadi cikakken. Na ce mu buga, mu yi gyara a ɗan ƙaramin akwati, ko a shafi na tara ne inda ake sa cigiyar takardun makaranta.

Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Kai, wallahi gammo ne." Kamar wanda ya gano sabuwar nahiya.

Sannan ya rufe ƙofa. Ya ce shafin baya na 'yan kamfen ne har zuwa zaɓe, kuma da shafin bayan nan ake kunna janareta. Ya ce hoton, rabi ko cikakke, mallakar jarida ne tunda da kyamarar jarida aka ɗauka. Ya ce, "Malam Nazir, kai dattijo ne a gidan nan, abeg, kada ka sa in yi abin da ba na so. Ƙauye ne, sati biyu sun manta."

Na ce to.

Kyamarar jaridar ta lalace tun shekara uku. Da tawa nake aiki. Ban tuna masa ba, don na san ya sani.

Laraba, 15 ga Oktoba, bayan la'asar

Na wanke shi babba a wani shago a Area 1, na naɗe a takarda, na hau mota na je.

Na same ta a ƙofar gida tana feraye doyar da ba a saya ba, za ta shanya. Na gaishe ta, Mama ina wuni. Ta ce, "Mai hoto, kai ne? Zauna, tunda ka zo da ƙafarka." Babu wanda ya leƙo daga maƙwabta, amma labulaye sun motsa.

Na warware hoton a kan tabarma. Har na shirya ɗan jawabi a mota, ina ganin za ta sa mini albarka. Ta goge hannu, ta sunkuya. Ta daɗe. Sai ta ɗora tafin hannunta a kan daron ta rufe shi.

Ta ce, "Kai ka ga wannan?"

Na ce na gani, Mama, ai shi ne shaidar.

Ta ɗage hannun. "Agogon nan, kowace mace a garin nan ya san shi. Zumunta ne suka saya mini, da sunana a jiki. A ɗakina yake rataye, nan muke mitin, da shi muke duba lokaci. Yanzu ka gaya mini, me agogon bango yake yi a hanya?"

Na sake duban daron.

"Jikwoyi nake kai shi, wurin 'yata Jessica. Ran nan na ga kowa ya kulle kansa a ɗaki saboda taron mutumin nan, na ce yau babu mai ganina. Ashe akwai kai." Ta yi wata 'yar dariya. "Ni na riƙe Littafi Mai Tsarki, ni na ce su ɗora hannu. Ko cokali, na ce. Amma na taɓa ganin katafila a ƙauyen ƙanwata, mai hoto. Ba ya jira ka ɗauki takalmi."

Na tambaya ko Philip ya sani. Ta ce ya ga ƙusa babu agogo, ta ce masa gyara ta kai.

"To ka gani. Rabin ya ce na sayar da gari. Cikakken ya ce na gudu na bar mata da rantsuwa. Wanne ka kawo mini?"

Ta ce in bar hoton in tafi, kada dare ya yi mini. Ta ba ni doya biyu. Na ƙi, ta ce, "Ɗauka, ai babu mai so."

Alhamis

Doyar na bayan ƙofa. Na hana a dafa.

Juma'a, 17 ga Oktoba, bayan sallar Juma'a

Dabara ta zo mini ana tsakiyar huɗuba, Allah ya yafe mini. In na sauko da layin sama na cikakken hoton kaɗan, gindin daron zai fito, da hannunta, da gammon, amma abin da ke ciki ba zai fito ba. Na dawo na gwada. Ya yi daidai kamar don shi aka ɗauki hoton. Mace ɗauke da daro, wa ya san ko doya ce? Babu ƙarya a ciki, ko ɗigo. Na shekara ashirin da wani abu ina wannan aikin, ban taɓa ƙara wa hoto abin da babu ba.

Na nuna wa Rakiya, na ba ta labarin duka, tunda dai ta riga ta haɗa rabinsa da kanta. Ta ce, "Ya yi kyau. Ita ta ce ka yi?" Na ce taimako ne. Ta ce, "Na farkon ma ai gyara ka kira shi."

Na karɓi lambar Magdalene a wurin Philip na kira. Na yi mata bayani a hankali, layin sama, gindin daro. Ta saurara har na gama. Ina jin kaji a bayanta.

Ta ce, "Mai hoto, ba ka gaji da yanka ni ba?"

Ta kashe.

Asabar, da yamma

Bikin raba kekunan ɗinki a wata mazaɓa. Keke shida, mata arba'in, aka riƙa sauya musu layi ana ɗauka. Na ɗauka yadda aka ce. Hotuna da yawa sun yi hazo.

Gobe ne.

Lahadi, 19 ga Oktoba, bayan magariba

A ƙarƙashin mangwaron fili aka yi. Sarki a kujerar roba, dattawa a benci, mata a gefe cikin ankon Zumunta. Na tsaya baya, kyamara a jaka. Yawancin maganar da Gbagyi aka yi, Philip ya tsaya kusa da ni yana juya mini cikin Hausa ba tare da ya dube ni ba.

An kawo fostar, an ɗaga, an yi surutu. Wani dattijo ya yi dogon bayani a kan amana. Da aka ba ta dama ta tashi da takardar a naɗe. Ban san wanne za ta yi ba har sai da ta warware. Ba ta ba kowa ya riƙe mata ba. Ta zaga da shi da kanta, benci benci, ta fara da mata.

Na ga fuskoki suna saki da suka ga gammon. Har wata ta tafa. Sannan na ga idanu suna hawa sama zuwa cikin daron. Tafin ya tsaya.

Philip ya daina fassara. Sai da na taɓa shi ya ce, "Ta ce ba ta karɓi komai a hannun kowa ba. Ta ce ta ji tsoro. Ta ce agogon yana Jikwoyi." Muryarsa kamar ta wani.

Sai wata tsohuwa, Mama Felicity, wadda na ji an ce ita ta fara tashi daga bencin coci ran nan, ta yi magana tana kallon ƙasa. Mata suka fashe da dariya. Wai kekenta na ɗinki yana Karshi tun makon da aka shafa fenti, a cikin buhun gawayi ta fitar da shi. Wata ta ce katifarta. Wata ta ce takardun makarantar 'ya'yanta da akuya biyu. Wani dattijo a bencin maza ya yi tari ya ce shi kwanon rufin ɗakin baya kawai ya cire, don yana yoyo. Aka yi ta dariya har da hawaye, ana dukan cinya, ana nuna juna. Sarki ya ce magana ta ƙare, Magdalene tana nan a kujerarta. Suka kewaye ta suka ɗauki waƙa, wadda ta ƙi sayen doyarta ita ce ta fi kowa ɗaga murya.

Na ji kamar an sauke mini buhu. Na juya in yi wa Philip barka. Shi bai yi dariya ba. Ya ce, "Ashe ni kaɗai ne ban fitar da komai ba."

Talata, 21 ga Oktoba, da rana

Labari ya kai ofis, ban san ta wace hanya ba. Oga Hadi bai yi faɗa ba. Ya ce an ga na gaji, an ɗauke mini siyasa, daga yanzu wasannin makarantu da bukukuwa. Na gode masa. Ya ce kada in manta da shafin nan na al'adar kafaɗa.

An dafa doyar. Ta yi gari sosai.

Alhamis, da yamma

Philip ya kira. Na ɗauka tun ƙara ta farko.

Ya ce an mayar da shi raga, sai dai babu sauran wasa. Ya ce, "Oga Nazir, da a ɓoye ake yi, cikin buhu. Tun ran Litinin da rana tsaka ake yi. Kowa ya ce ai kowa ya yi." Ya ce gida tara sun tafi. Masu fentin ba su ma dawo ba tukuna.

Na ce, Mama fa? Ya ce tun jiya ba ta magana. Ta zauna tana kallon motoci.

Ni dai gefe na yanke. Na rubuta wannan na daɗe ina kallonsa.

Asabar, 25 ga Oktoba, bayan la'asar

An tura ni gasar tsere ta wata makaranta. Na ɗauki yara biyar suna gudu da ƙwai a cokali, na sulale na tafi ƙauyen.

Hanyar shiga ɗaya ce, siririya, ruwa ya cinye gefenta. A-kori-kura sun yi layi suna fitowa, gadaje a sama, ƙafafu a sama, yara a kan katifu suna ɗaga wa juna hannu. Ana ɓamɓare ƙofofi. Wani yana cire tagogin gidansa a hankali kamar mai cire haƙori. Babu kuka, babu faɗa, har ana ba'a. Mama Felicity ta wuce a gaban mota da kaza a cinya, ta ce, "Mai hoto, ɗauke ni da kyau!"

Na tsaya a bakin kwalbati, inda hanyar ta fi matsewa. Sai direbobi suka fara oda. Wani ya leƙo ya ce, "Mama, ina kuma za ki? Ai fita ake yi!"

Ita ce. Daga bakin titi take tahowa a ƙafa, ita kaɗai ke fuskantar garin, motoci na kauce mata. Daro a kafaɗa, labule, tukunya, agogon a sama yana ta aikinsa. Daga Jikwoyi take. Gumi ya jiƙa mata riga har baya. Philip na biye da ita hannu wofi, da gani ya nemi ya karɓa an hana shi.

Matan da ke kan motoci suka bi ta da kallo. Wata ta sauke kai. Babu motar da ta juya.

Ta iso inda nake. Na buɗe baki, ban san me zan ce ba, sai na ji na ce, Mama, in sun zo fa?

Ta gyara daron da ɗan motsin kafaɗa. Ba ta tsaya ba.

Ta ce, "Su same ni. Kauce, mai hoto, ka tare mini hanya."